Sanyin Mambilla da Gangar Birin Gashaka

Bahaushe idan ya yi maganar garin sanyi, Jos yake nufi. Ba laifinsa ba ne, tun zamanin Turawa aka saba masa da hakan. Su Turawan mulkin mallaka duk ƙasar zafin da suka je sai sun nemi wani tsauni sun gina gidajen shan iska a kansa, inda za su gudu idan rana da zazzaɓi sun ishe su. Turawan Ingila sun yi Shimla da Darjilin a Indiya, Jamusawa suka tare a Buea a jikin dutsen Kamaru, mu kuma aka bar mana Jos da otal ɗinta na Hill Station, sai Obudu can Kuros Riba inda aka buɗe gonar kiwon shanu a 1951. To amma Jos tsayinta mita 1,200 ne da 'yan kai. Tudun Mambilla da ke Jihar Taraba ya kai mita 1,600 a matsakaici, wasu wuraren sun haura 1,800, kuma babu wanda ya taɓa gyara shi domin baƙo. Abin da ya ja ni ke nan. A hutun ƙarshen shekara muka ɗaura niyya, ni da wani abokina malamin makaranta da ƙanen matata mai son ɗaukar hoto, bisa sharaɗin cewa a dawowa za mu yada zango a gandun dajin Gashaka-Gumti, tunda hanyar ta gefensa ta bi.

Daga Jalingo ake kama hanya, kuma da asuba ake tashi, don tafiya ce ta wuni guda cur. Garba Chede, Bali, Serti, sunayen da na sha ji a rediyo sai ga su ɗaya bayan ɗaya ta tagar mota. Zafin wannan yanki irin na kwarin Binuwai ne, mai haɗe da gumi, kwalta kuma wani wuri sumul, wani wuri sai a hankali. Abin da ya tsaya mini a rai a wannan sashe shi ne kututturai. Gefen hanya, cikin gonaki, kan gangaren duwatsu, sai ka ga gindin itace an datse shi da inji daidai gwiwa. Na tambayi direbanmu, wani dattijo da ke jan carbi da hannu ɗaya, sitiyari da ɗaya. Ya ce, "Madobiya ce, Alhaji. Madrid 'yan katako ke ce mata. Da ka zo shekarun baya, ai ba ka ganin ƙasa a Garba Chede saboda gungume." Gaskiya ya faɗa. Tsakanin 2014 da 2017 aka yi wa madobiyar Taraba wawaso, ana lodinta tirela-tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, daga can a wuce da ita ƙasar Sin inda ake kujeru da gadaje na alfarma da ita. Sai a 2017 aka sa ta a jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, bayan an riga an kwashe manyan. Itacen da makiyayi ke sassaɓo wa shanunsa ganye da rani ke nan.

A Serti salla kawai muka yi muka ci abinci. A Mayo Selbe ƙasar kwance ke ƙarewa, dutse ya fara. Hawan nan da mutanen wurin ke kira Biyu da Sisi ba a yi masa gaggawa. Hanya ce mai kwana a kan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, idan ka leƙa sai ka hango kawunan bishiyoyi can ƙasa. Mun iske wata tirela ɗauke da siminti tana rarrafe, yaron motar yana biye da ita a ƙasa rungume da weji na katako. Duk sanda ta yi nishi ta tsaya, sai ya yi wuf ya cusa shi ƙarƙashin tayar baya, ya jira direba ya sake tayar da ita, ya zare, ya ci gaba da binta. Dattijonmu ya ajiye carbin ya kama sitiyari da hannu biyu, hira ta ɗauke a motar. Kunnuwana suka toshe, na haɗiye yawu suka buɗe, suka sake toshewa. Can sai na ji abokina yana rufe gilas. Iska ta canza. Ka'idar kenan: duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6, mu kuwa a cikin 'yan kilomitoci muka yi wannan hawan.

Sai kawai muka ɓullo. Babu daji, babu ƙaya, tuddai ne lulluɓe da ciyawa iya ganinka, wannan na bin wancan, kamar an jera malmalar tuwo a kan faifai. Ciyawar ta fara bushewa, saman tuddan ya yi ruwan ƙasa, amma kwaruruka suna nan kore shar, ko wanne da ƙoramarsa. Bishiyar da za ka gani da yawa ita ce ta turare, doguwa siririya, wadda asalinta daga Ostireliya aka kawo ta. Duk inda ka hango ta a cunkushe, to gari ne. Da ita ake girki, da ita ake rufin ɗaki, da ita ake katako, sai dai manoma na kuka da ita cewa tana shanye ruwan ƙorama. Muka wuce Maisamari da Nguroje, magariba ta yi mana a Gembu.

Sanyin Gembu ba irin na hunturun Kano ba ne mai fasa leɓe da ƙura. Shi wannan tsaftatacce ne, yana shiga ƙashi a hankali. A masaukinmu babu fanka, kuma ba wanda ya tambaye ta, barguna biyu aka ajiye wa kowa. Da asuba na fita masallaci na tarar an hura wuta a gefe, an ɗora babbar tukunya, kowa yana ɗiban ruwan zafi yana sirka na butarsa. Wani tsoho ya ga ina shirin alwala da ruwan randa, ya riƙe mini hannu. "Malam, baƙo ne kai ko? Sirka, sirka." Gari ya waye, hazo ya cika kwarin da kogin Donga ke ratsawa a ƙasan garin, yara na tafiya makarantar allo sanye da rigunan sanyi da hular ulu. Da rana kuwa zafin da wuya ya haura digiri 25.

Kasuwa ita ce inda na fi daɗewa. Fiya manya-manya a kwando ana sayarwa a farashin da zai sa mai kayan marmari na Zariya ya yi kuka, ayaba, gwaza, dankalin Turawa, wake, zuma, man shanu a ƙwarya. Fulatanci ne harshen ciniki, Hausa na biye da shi, ga kuma yarukan Mambilla da Kaka da Panso da Kambu suna tashi ta ko'ina. A bakin tasha ne ƙanen matata ya kusa cinye batirin kyamararsa a kan tsofaffin motocin Land Rover. Wasu sun girmi direbobinsu. An yi musu walda, an ɗaure ƙofa da igiya, an loda buhunan masara har sama, fasinjoji sun hau kan buhunan. Damina a nan tana ɗaukar wata bakwai zuwa takwas, jar ƙasar hanyoyin ƙauye kuma idan ta jiƙe santsi take yi, don haka ita wannan mota ce ke kaiwa Dorofi da sauran garuruwan bakin iyakar Kamaru. Makanikan Gembu sun san cikinta fiye da waɗanda suka ƙera ta.

Ƙaramar hukumar sunanta Sardauna, kuma sunan yana da tarihi. Nan ƙasar Kamarun Jamus ce a da. Bayan yaƙin duniya na farko aka ba Ingila riƙon wannan ɓangare, har zuwa Fabrairun 1961 da aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a: kudancin yankin ya zaɓi Kamaru, arewacinsa ya zaɓi Najeriya, aka raɗa wa sabon lardin suna Sardauna don girmama Sir Ahmadu Bello. Wato da ƙuri'ar ta karkata, da fasfo za mu nema kafin mu sha wannan iskar. Sauran 'yan Najeriya kuma abin da suka sani game da Mambilla shi ne tashar wutar lantarki mai megawat 3,050 da ake ta alkawari tun gwamnatocin soja, aka sa hannu a kwangila, aka tafi shari'a har birnin Paris. Idan ka ɗauko zancen a shagon mai shayi a Gembu, murmushi kawai ake yi maka a ƙara maka madara.

Shanu su ne adon tudun. Jajaye masu dogon ƙaho, sun yi ɓul-ɓul, suna kiwo a gangaren da ni ba zan iya tsayuwa a kai ba. Dalilin yawansu a nan a bayyane yake: ƙudan tsando ba ya hawa wannan tsayi, ciyawa kuma tana daɗewa ba ta bushe ba. Mun ziyarci wani ruga a hanyar Nguroje, aka kawo mana kindirmo mai kauri wanda sanyin gari kaɗai ya sanyaya shi. Amma wanda ya buɗe ido zai lura da wani abu da hoto ba ya nunawa, wato waya mai ƙaya. Ta bi tuddai ta rarraba su, ta sauka har bakin kwari inda gonakin masara suka takure. Mambilla manoma ne, kakanninsu a nan suke. Fulani sun hauro da dukiyarsu tun ƙarnin da ya wuce, wasunsu suna da takardun mallakar filayen kiwo masu faɗi. Jama'a ta ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. A watan Yunin 2017 rikici ya ɓarke, aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa. Ba wanda ya ɗauko mana zancen da kansa, mu ma ba mu tona ba. Sai dai ka ji mutum ya ce "lokacin abin nan", ya wuce.

A Kakara muka ga shayi. Ni dai na girma ina shan shayi ban taɓa ganin itacensa ba. Ashe bishiya ce da za ta yi tsawo in an bar ta, amma ana datse ta daidai ƙugu, sai gonar ta zama shimfiɗa guda, kore mai sheƙi, ta bi tudu ta gangara ta sake hawa. Tun shekarun 1970 aka fara noman shi a nan, kuma daga nan Highland Tea ke fitowa. Mata ne suka fi yawa cikin masu tsinka, ko wacce da kwando a baya. Na tsaya kusa da wata na kalli hannunta: ganye biyu na sama da tohon da ke tsakaninsu kawai take cirewa, hannu biyu na aiki a tare, idan tafin ya cika ta watsa ta kafaɗa cikin kwandon ba tare da ta waiwaya ba. Na ce bari in gwada. Ta dubi abin da na tsinko ta yi dariya, ta ce, "Baba, wannan ai tsohon ganye ne, awo za a mayar mini da shi." Daga gona sai ma'aikata, inda ake shanya ganyen ya yi laushi, a niƙa, a bar shi ya sha iska har ya rine daga kore zuwa ja, sannan a busar da shi da zafi. Ƙamshin wurin kaɗai ya isa karin kumallo.

Wurin da ya fi ba ni mamaki a saman tudun ƙarami ne, kuma da ba a nuna mana ba da mun wuce shi. Kusa da ƙauyen Yelwa, kana tafiya cikin ciyawa, sai ƙasa ta karye a gabanka, ka ga daji baƙi ƙirin maƙale a jikin gangare. Ngel Nyaki ke nan. Tun 1969 aka keɓe shi, faɗinsa murabba'in kilomita 46, amma ainihin kurmin bai fi kashi ɗaya cikin shida na wannan ba. Ragowar irin dajin tsaunin da a da ya fi haka yawa ne. Wata malamar jami'a daga ƙasar Niyu Zilan, Hazel Chapman, ta kafa tashar bincike a wurin, kuma yawancin ma'aikatanta 'ya'yan Yelwa ne. Ɗaya daga cikinsu ya shiga da mu. Taku kaɗan sai rana ta ɓace, ƙasa ta yi danshi, gansakuka ta lulluɓe rassa. Ya nuna mana wani fili na hekta 20 da aka bi kowace bishiya aka auna kaurinta aka maƙala mata lamba ta ƙarfe. Yana tafe yana kiran sunayensu na kimiyya, saurayin da bai taɓa zuwa jami'a ba.

Da muka fito sai ya tsayar da mu a bakin kurmin, inda aka kewaye wani yanki da waya aka share masa layin kare wuta. Ciki ƙananan bishiyoyi sun taso sun fi mutum tsayi. Waje kuwa, taku biyu kacal, ciyawa ce da kashin shanu da baƙin toka. Duk rani makiyaya na cinna wa tsohuwar ciyawa wuta don sabuwa ta tsiro, wutar kuma ba ta san iyaka ba, kowace shekara sai ta lashe gefen kurmin, shanu su bi su tattake abin da ya tsiro. Ban ga laifin mai neman abincin dabbarsa ba. Amma na ga da idona cewa dajin nan ba da kansa yake tsaye ba, akwai masu tsaye a kansa. A daren nan daga Gembu mun hango layukan wuta suna bin tuddai ta ko'ina, abin sha'awa ga mai kyamara.

Gangarowa ta fi hawa ban tsoro, warin birki ya cika motar. Muna isa Serti muka tuɓe rigunan sanyi, zafi ya ce salamu alaikum. A nan ofishin gandun yake, a nan kuma fadar Lamɗo Gashaka take. Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, sama da murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa. A 1991 aka haɗe gandayen Gashaka da Gumti aka mai da su na ƙasa. Arewacinsa, wajen Toungo, fili ne na dogayen ciyayi da bishiyoyi jefi-jefi; kudancinsa duwatsu ne da kurmi, kuma a can ne Chappal Waddi yake, mita 2,419, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a ƙasar nan. Tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors ke aiki tare da hukumar gandun wajen horar da masu gadi da samar musu kayan aiki. Ba a shiga sai da izini da ɗan rakiya, kuma haka ya kamata.

Wanda ya saba da Yankari ya sauke wannan tunanin tun daga ƙofa. A Yankari mota kake hawa a zaga da kai, in Allah ya sa ka dace ka ga giwaye, ka dawo ka faɗa ruwan Wikki. A Gashaka ƙafarka ce motarka. Giwa ta daɗe da barin dajin, zaki ma an daina jin ɗuriyarsa. Abokina da ya ji haka sai fuskarsa ta sauya, ya ce to me muka zo gani? Ɗan rakiyarmu, wani siririn mutum mai bindiga a kafaɗa da takalmin roba, bai ce masa komai ba.

Mun fara da kogin Kam. Ruwa ne garai-garai, kana tsaye a kan dutse kana ganin kifi na yawo a ƙasa, akwai tsage da giwar ruwa a cikinsa. A wani gurbi mai zurfi dorinai suka taso, kunnuwa da hanci kawai a waje, ɗaya ta yi hamma ta nuna mana haƙora, muka ja da baya ba tare da an ce mu ja ba. Daga waɗannan duwatsu ne ruwan da ke cika kogin Taraba yake sauka, shi kuma ya zuba a Binuwai. Mai noman rani a can ƙasa bai san yana da hannun jari a wannan kurmi ba. A ƙauyen Gashaka muka kwana, gindin tudun da kangon sansanin Jamusawa yake a kai, 'yan bangayen dutse da saiwoyi suka rungume. Gwaggon biri kuwa ba sai an neme su ba. Su ke nemanka. Ƙanen matata ya ajiye ledar burodi a kan dakali ya juya ya gyara kyamara, ko da ya waiwayo wani ƙato na kan reshe yana warware ledar a natse.

Tafiyar Kwano ita ce zuciyar zuwan namu. Sa'o'i ne a ƙafa daga ƙauyen, hawa da gangara, ana tsallake ƙoramu, tsando na bin wanda ya sa baƙaƙen kaya. A Kwano ne masu bincike daga wata jami'a ta Landan suka shafe shekaru tun daga 2000 suna nazarin birai. Ɗan rakiyarmu ba ya magana sai da hannu. Ya tsaya ya nuna kashin ɓauna, ya taɓa shi da sanda ya ce na jiya ne. Ya nuna inda aladun daji suka yi tono. Wani mazo ya yi haushi ya ruga, farin zanen jikinsa kawai na gani. A saman wata doguwar bishiya biri mai roro ya zauna, baƙi da farin gashi yana zubo masa ta gefe, jelarsa na reto, yana kallonmu ba ko gezau. Kukansu ne ke tashin mutum da asuba a dajin, wani gurnani mai birgima da za ka rantse daga babbar dabba yake fitowa.

Can cikin kurmi ya ɗaga kai ya nuna mana wani curin rassa a sama, an lanƙwasa su an saƙa. "Gadon biri mai ganga ne, Yallaɓai. Kullum sabo yake yi, ba ya kwana biyu a ɗaya." Biri mai ganga shi ne wanda Turawa ke kira chimpanzee. Ganyen gadon bai gama bushewa ba. Gaba kaɗan ya durƙusa a bakin wani rami ya tsinto 'yan sanduna, an zage musu ganye, bakinsu ya tattaune. Da su birin ke zura wa ramin tururuwa, su hau, ya zaro ya suɗe. Da irinsu kuma yake ɗiban zuma. Na juya sandar a hannuna. An zaɓe ta, an gyara ta, an yi aiki da ita an yar. Irin wannan biri na yankin Najeriya da Kamaru shi ne mafi ƙaranci a cikin danginsa, Gashaka kuma na cikin manyan mafakarsa da suka rage.

Muna zaune muna hutawa sai muka ji shi. Ihu ne ya fara, a hankali, yana hawa yana hawa har ya zama kururuwa, sannan dum-dum-dum-dum daga ƙetaren kwarin. Saiwar manyan bishiyoyin nan masu fuka-fuki yake duka da hannu da ƙafa, sautin ya yi nisa, 'yan uwansa su san inda yake. Wani ya amsa daga can gefe. Abokina da ke tambayar me muka zo gani ya kama hannun rigata ya riƙe gam. Mun bi sautin har rana ta karkata, ba mu gan su ba. Ɗan rakiyar ya ce ba su saba da mutum ba, kuma shi bai ga dalilin da zai sa su saba ba, tunda ba kowane mai shiga dajin ne ke zuwa da kyamara ba.

A hanyar dawowa ya nuna mana abin da yake nufi. Ya zaro wata waya daga jakarsa, igiyar birkin babur ce aka yi mata zarge. Da safen nan ya cire ta a kan hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa, ba mu ma lura ba. Irinta ba ta zaɓe, gada take kamawa, ta kama damisa, ta guntule wa biri hannu. Bayan masu tarko akwai masu yankan katako, akwai masu haƙar ma'adinai, kuma an sha kashe masu gadin wannan daji a bakin aiki. Shi ya sa idan na ji baƙo yana ja-in-ja da ɗan rakiya a kan kuɗin wuni, raina ke ɓaci. Mutumin da zai biya kuɗin otal a Abuja bai ce uffan ba, shi ne zai tsaya neman ragi a wurin wanda ya san sawun ɓauna na jiya da na yau.

Abokina yana ganin abin da wurin ke bukata shi ne a yi masa irin gyaran Obudu, a kawo motar igiya mai haurawa da mutane dutse ta sama da manyan ɗakunan kwana. Ni ban yarda ba, mun kuwa yi ta musu. Wanda zai sha wahalar zuwa Gashaka ba gadon alfarma ya zo nema ba. Hanya mai kyau zuwa ƙauyen, ɗaki mai tsafta, da kuɗin shiga da zai riƙa komawa ga mutanen da ke zaune a ciki da kewaye, sun wadatar. Domin akwai mutane a cikin gandun. Doka ta amince da wasu ƙauyuka irin su Filinga da Selbe da Chappal Hendu, suna noma suna kiwo a iyakar da aka yanka musu, biri na cin masararsu, su kuma an hana su taɓa shi. In ba su ga amfanin dajin a aljihunsu ba, ba adadin bindigar da zai tsare shi.

Kusa da mashigin kogi muka ci karo da garken shanu, jajaye masu dogon ƙaho irin waɗanda muka baro a sama. Rani ya fara, ciyawar tudu ta ƙone, an gangaro da su neman ɗanya, har sun shigo inda ba a yarda ba. Yaron da ke korarsu bai fi shekara goma sha biyar ba, da sandarsa a wuya da 'yar rediyo a rataye. Na zaci za a yi hayaniya. Ɗan rakiyarmu ya yi masa sallama da Fulatanci, suka gaisa har da tambayar iyaye, sannan ya yi masa magana a hankali yana nuna ƙetaren ruwa. Yaron ya sunkuyar da kai, ya yi wa shanun kira, suka juya suna fantsama ruwa. Mutumin ya ciro ɗan littafi ya rubuta wurin da lokacin da kimanin yawansu. Na ce masa shi ke nan sun tafi? Ya ce uban yaron ya sani, shi zai je ya samu ranar kasuwa, don in ba haka ba gobe ta mashigin sama za su shigo.